Hansai Mai Lalle da Kyautar Surukinta

Duk amaryar da aka kai ɗaki daga layin su Hansai a unguwar Kinkinau, cikin Kaduna, da wuya a ce ba ta hannunta ta bi ba. Ita ke zana musu lalle. Wanda bai san ta ba, in ya tarar tana aiki, sai ya ɗauka shinshinar ƙafar amarya take yi: za ta cire gilashinta mai kaurin gindin kwalba ta aje a tabarma, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa fata, sannan ta fara matsa ledar lalle. Ba gilashi, ko fuskar mai sallama a bakin ƙofa ba ta ganewa. Amma abin da ke dab da hancinta, nan kam ba mai ja da ita. Layi take ja siriri kamar gashi, fure cikin fure, har masu kallo su manta da surutu.

Da wannan ledar ta riƙe gida tun rasuwar mijinta, Malam Sanda, wanda ya ƙare rayuwarsa a wani ofis a sakatariya. Sana'ar ta cinye mata baya da wuya, ta bar mata yatsu baƙaƙe da ba sabulun da ke wanke su. Ta gaji, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma gajiyar abin da mutum ya iya daban take, kuma Hansai ba ta taɓa cewa a raba ta da ita ba.

Gilashin dai take yi wa mita, kamar yadda kowa ke yi wa abin da ya saba da shi. Tururin tukunya ya rufe shi, ta yi tsaki. Ya zame mata a sujada, ta yi tsaki. 'Yarta ta fari, Safiyya, ta kwashi tsakin nan ta kai wa mijinta Kabir.

Kabir ma'aikacin gwamnati ne, yaron kirki, irin waɗanda in ka ce kana jin ƙishirwa sai su zo da masu haƙa rijiya. Ba a ɗau lokaci ba ya nemo wani asibitin ido mai zaman kansa inda ake gyara gani da hasken leza, ya gama magana da su, sannan ya zo ya durƙusa a bakin labule ya ce ya yi wa Mama tanadin alheri. Hansai kuwa ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, “mijin yarinyar nan” take cewa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. Ta ina za ta fara ce wa suruki ba ta so? Daga bayan labule ta sa masa albarka.

Ranar gwaji shi ya tuƙa ta, shi ya shige da ita har gaban likita, ya ja kujera ya zauna a gefenta. Aka auna idon ciki da waje, aka ce ya dace da aikin. Likitar, wata mace mai natsuwa, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce yawancin mutane suna ganin nesa tar ba gilashi bayan aikin. Ta ce ido kan bushe ya yi ta yaji na wasu watanni, wasu kan ga fitilun mota suna watsuwa, kuma jefi-jefi ciwo kan shiga in ba a kiyaye magani ba.

“Sai abu ɗaya, Hajiya,” in ji likitar. “A shekarunki, in muka gyara nesa, wannan ganin na kusa da kike da shi zai tafi. Sai da gilashin karatu, kuma ba zai kai yadda kika saba ba. Kina wani aikin da ke son ido sosai? Ɗinki, saƙa, irin wannan?”

Hansai ta gane maganar sarai.

Kabir ya yi dariya ya ce, “Ai likita, Mama ta gama wahala. Hutu za ta yi yanzu, muna nan.”

“Hajiya nake tambaya,” in ji likitar.

Hannayen Hansai na cikin hijabi, ta ƙara cusa su. In ta ce lalle ne abincinta, ta nuna wa baƙuwa cewa suruki bai riƙe ta ba. In ta ce a fasa, ta watsa masa ƙasa a ido, shi da ya yi ta zirga-zirga dominta. Ta kalli yatsun ƙafarta.

“Yadda ya ce,” ta faɗa a hankali.

Aikin kansa bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Ta ji ɗan ƙauri kamar na gashi, aka rufe mata ido, aka ce ta je gida ta kwanta. Washegari ta fito tsakar gida ta ga ganyen mangwaron maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta ga tsagar da ke jikin katangarta wadda ashe ta daɗe a wurin. Ta yi murna har da hawaye, gaskiya ce wannan.

Murnar ta tsaya ranar da amarya ta farko ta miƙo mata hannu. Hansai ta sunkuya yadda ta saba, sai ta ga hannun ya narke ya zama wani abu mai laushi marar iyaka. Ta ja baya, ya fito, amma daga nan ba a jan siririn layi. Ta saka gilashin karatu, ya ɗan taimaka. Sai dai lalle yana son a ƙura ido ba ƙiftawa, idon nata kuwa ya bushe, yana yaji kamar an watsa masa barkono. Aikin da take gamawa kafin azahar ya kai ta magariba, furen kuma ya fito da kauri.

Maƙwabciyarta Rahila, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, ita ta raka ta komawa asibiti, kuma a gabanta Hansai ta iya buɗe baki. Likitar ta kama yatsunta baƙaƙe ta daɗe tana kallo.

“Da na ga hannun nan tun farko, da na ce a bar miki ido ɗaya na kusa, ko ma a haƙura da aikin,” ta ce. Ta ƙara mata maganin ɗigawa da gilashi mai ƙarfi, ta ce bushewar za ta ragu, amma abin da aka goge ba ya dawowa.

A cikin keke Rahila ta yi ta faɗa. “Haba Maman Safiyya! Kunya har a gaban likita? Ki gaya wa surukin naki mana, ya san abin da ya faru.”

“In gaya masa ya yi yaya? Ya kwana yana cin kansa?” Hansai ta juya ta ci gaba da kallon titi, tana karanta allunan shaguna tun daga nesa, ba don tana so ba.

Bushewar ta ragu kamar yadda aka ce. Hannun ne bai koma ba. Masu kawo amare ba su yi mata wulaƙanci ba, sun dai riƙa gaishe ta da kyau suna wucewa.

Da bikin autarta Ummukulthum ya zo, Hansai ta ce ita za ta yi wa 'yarta. Ta ɗiga magani, ta ɗora gilashi, ta zana bayan hannu ɗaya. Yarinyar ta duba ta ce, “Ya yi kyau, Mama,” da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Hansai ta ɗauko tsumma da ruwa ta goge tun bai kama ba, ta aika a kira wata yarinya da ita ta koya wa lalle.

Tana zaune a bakin ɗaki tana kallon wata na riƙe da hannun 'yarta, Kabir ya yi sallama da katan-katan na lemo. Ya durƙusa daga nesa, fuskarsa fal farin ciki.

“Mama, ya idon? Ana gani dai ko?”

Hansai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

“Ana gani,” ta ce. “Allah ya yi maka albarka.”