Jarkar da ke warin fetur

Ranar da Malam Isiya ya zo layin famfonmu ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina mai kula da famfon jama'a a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarƙashin kwamitin ruwa na unguwa. Ruwan daga rijiyar burtsatse yake hawa tanki, ya sauko kan famfo uku. Aikina in buɗe da safe, in tsare layi, in raba faɗa. Rabon faɗan ya fi komai cin raina, domin mutanenmu kan yi zage-zage a kan matsar da jarka ɗaya.

A tsakiyar bazara injin rijiyar ya ƙone. Shugaban kwamiti, Alhaji Sabo, ya hau ya leƙa tanki, ya sauko fuska a murtuke.

"Malam Habu, abin da ya rage ba zai kai hantsi ba. Jarka biyu kowane gida, kuma ko ɗan'uwanka ne kada ya tsallake layi."

Ina da wata al'ada da ake yi mini dariya a kanta: duk jarkar da ban sani ba sai na shinshina ta kafin ta taɓa bakin famfo. Ina bin layi ina wannan aiki, na kai ƙarshe, na tarar da wani baƙon fuska a tsaye da jarka biyu. Malam Isiya ke nan, direban Adaidaita ne, bai daɗe da kama haya a bayanmu ba. Na buɗe murfi, warin fetur ya buge ni.

"Malam, wannan ai ta mai ce. Wa zai sha wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba na sha ba ne, Baba. Mai ɗakina ce ta rasu da asuba. Na wankanta ne."

A unguwarmu ruwan gawa ba ya bin layi, kowa ya san haka, har yara. Shi kuwa baƙo ne, ba wanda ya gaya masa. Ya bar gawar matarsa a ɗaki, ya zo ya tsaya a bayan mutane yana jiran layi ya zo kansa. Ga shi ruwan da fetur ya canja wa wari ba a wankan gawa da shi, famfo kuma ya riga ya fara tari.

Na ɗaga murya na sanar cewa ruwan gawa ake nema. Wadda ke bakin famfo a lokacin Maman Ada ce, wata Kirista mai sayar da abinci, wadda ta fi kowa faɗa a kan layi. Ta riga ta cika jarkokinta, na ƙarshe da famfon ya iya cikawa. Ta jawo su da kanta har gaban mutumin.

"Ɗauka. Nawa masu tsabta ne, ruwa kawai nake zubawa."

Inna Delu, tsohuwar da ke yi wa matan unguwa wanka, ta ajiye bokitinta ta gyara mayafi. "Ɗana, kana da mata a gidan?" Ya girgiza kai. Ta ce, "To wuce mu je."

Alhaji Sabo na tsaye yana kallo, bai ce uffan a kan dokarsa ba. Shi ya yi wa mamaciyar salla kafin azahar. Maman Ada ba ta ɗora tukunya ba ranar, kuma ban ji ta yi ƙorafi ba.

Ku da kuka shigo aikin kula da famfo yanzu, za ku ɗauka masu ihu a gaban famfo su ne damuwarku. Waɗannan za su samu ruwa ko kuna nan ko ba kwa nan. Abin da har yau yake tayar mini da hankali shi ne, da jarkarsa mai tsabta ce, da na mayar da murfin na wuce, ruwa ya ƙare yana tsaye bai ce komai ba. Shi ya sa idan na hango baƙo shiru a ƙarshen layi, nakan bar famfo in taka har wurinsa in ce, "Malam, lafiya dai?"