Da Anka Ƙirga Zauruka

An rushe mini gida ba a ba ni ko taku ɗaya na ƙasa ba, kuma wanda ya jawo haka ya san ɗakin da anka haife ni. Kansilan unguwarmu ne a lokacin. Tare munka yi firamare. Ni na tsaya aji shida na kama ɗinkin buhunan albasa, shi ya wuce.

Gidanmu na gado ne, bakin hanya, nan cikin Illela. Mu huɗu mahaifinmu ya bari, kowa da sashensa da matarsa da murhunsa, amma zaure ɗaya muke shiga. Haka munka taso munka gani. A wurinmu, ƙane ya fasa katanga ya buɗe ƙofarsa daban alhali yayansa na raye, shelar gaba ce. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka gidan wane ya watse.

Da za a faɗaɗa hanyar, anka ce duk gidan da aikin ya ci za a ba shi fili bayan gari. Kansila ne ya ja masu rubuta sunaye. Saura sati biyu su zo sai na ga maƙwabta na fasa katanga. Wani ma ƙofar da ya buɗe ko akuya sai ta duƙa, ya rataya mata tsohon buhu. Dariya na yi, na ce zafin bazara ya taɓa su. Ashe an raɗa musu cewa zaure za a ƙirga, ba magidanta ba. Ƙofa ɗaya, fili ɗaya. Waɗanda anka raɗa wa duk 'yan jam'iyyar kansilan ne. Mu hoton ɗan takarar wata jam'iyya ne manne a bangonmu.

Sunan yayanmu kaɗai anka rubuta. Filin da ya samu da ƙyar ya ɗauke shi da nasa 'ya'yan. Ban ga laifinsa ba, amma har yau daga gaisuwa ba mu ƙara komai. Ƙanena ɗaya ya tsallaka Ƙonni wurin dangin matarsa, ɗayan yana Sakkwato, an ce a tasha yake kwana. Ni na kai matata da yara Kalmalo gidan ubanta, na ce wata biyu. Damina uku ke nan. Ina kwana a rumfar albasar ubangidana, tufafina duk sun kama wari. Surukina dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Zuwana na ƙarshe ya raka ni har bakin hanya, ya ce in Juma'a ta zagayo ba ni da wurin da zan aje 'yarsa, to in sawwaƙe mata.

Ranar Lahadi da safe, kasuwa na ci, ina teburin mai shayi da wannan magana a cikina, rediyo ya ɗauko zancen masu kwana a titi cikin birane. Wani direban da ke jigilar Sakkwato ya buga tebur.

“Wallahi duk shugabanni na! Ku je ƙarƙashin gada ku gani, mutane jere kamar buhuna.”

Wani dillalin shanu ya ce, “Kai dai direba, ko taya ta fashe maka gwamna na. Mi ya haɗa shugaba da inda ƙato ka kwana? Shi ya haife shi?”

“To wa za a tambaya? Kakarka?”

Ana cikin dariya sai ga mota ta tsaya. Kansilan nan ne. Ya sauka daga kansila, yanzu kujerar da ta fi ta kansila yake nema, yana bin rumfuna yana gaisawa. Anka tashi ana “Honarabul! Honarabul!” Dillalin ya ce ga mai raba gardama Allah Ya kawo.

Ya gyara hannun riga ya ce, “Jama'a, mu ji tsoron Allah. Muhalli rabo na. Wace gwamnati ta hana mutum gini? Mafi yawan waɗanga lalaci na da rashin dabara.” Sai idonsa ya faɗo kaina. “A'a, ɗan ajinmu! Kana nan? Yaya iyali?”

Na waiga. Ubangidana na zaune gefe, mutumin Honarabul ne na siyasa, ya kafe ni da ido yana girgiza kai kaɗan. Na gane. In na buɗe baki, rumfar ma sai ta gagare ni. Na aje kofin shayina na miƙe.

Na ce, “Iyali na Kalmalo, Honarabul, inda ka aje su. Ka san mu huɗu muke bayan zauren nan, ka rubuta ɗaya. Ka aika wa naka su fasa katanga, ni ka wuto ni ina ɗinki ka ce mini sannu da aiki. In lalaci na, faɗa ma jama'ag ga ranar da ka taɓa iske ni zaune ba allura a hannu. Jumu'a surukina na jiran amsa, ko ɗaki ko takardar saki. Tunda rabo na, ga motarka nan, mu tafi tare ka faɗa mai da bakinka. Ni ba ni iyawa.”