Wayoyin Beryl Haskett

Ku matso kusa, ku sha labarin Beryl Haskett ta garin Slough a Ingila, tsohuwar da har yau wuyanta a karkace yake.

Tana 'yar shekara goma sha tara ta bar shagon ɗinki, ta shiga wani tsohon sito inda ake shirya wa yara fim ɗin 'yan tsana masu tuƙa kumbo. Shekara bakwai tana duƙe a kan wata gadar katako, tana jan ɗan tsanan da ake kira Kyaftin Orrin da siraran wayoyi tara. Ranar Asabar kuwa ko yaro ɗaya ba ka gani a titi sai an gama nuna fim ɗin a talabijin.

Bana aka ba jikarta Imogen aikin gyara tsofaffin finafinan a kwamfuta. Ta zo da zumuɗi, ta ajiye na'urar kusa da butar shayi.

"Kaka, duba! Na goge wayoyin tas. Da kansa yake tafiya."

Beryl ta gyara tabarau. Ga Kyaftin yana takawa, sama da kansa fayau. Ta nemi kanta ta rasa.

"Wa ya aike ki?"

"Haba, tsohuwa mai rigima! Ba ku kuka riƙa shafa musu fenti don kada a gani ba?"

"Mun ɓoye, yara suka gani, suka yafe mana. Akwai wanda ya rubuto daga Leeds, ya ce a gaida mai riƙe da Kyaftin, kada ta sake shi a sararin sama."

"Yaran yanzu dariya za su yi."

"Su yi mana! Haƙoransu ne."

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko Kyaftin daga saman kabad, wanda ta tsamo daga kwandon shara ranar da aka rufe siton. Yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwashe suka kama sandar da wayoyinsa ke ɗaure a jiki. Ya tako a kan tebur, ya kewaye faranti, ya ɗaga kai ya dubi Imogen, ya sara mata.

Sai Beryl ta saki. Ya zube kamar tsumma.

"Ga shi nan babu ni. Ce masa ya tashi ya ceci duniya."

Imogen ta daɗe tana kallonsa. Can ta jawo kwamfutar, ta dawo da waya ta farko cikin fim ɗin.

"Shugabana zai cinye ni ɗanya."

"Turo min shi. Saura takwas."

To ku fa, da aikin a hannunku yake, gogewa za ku yi ko bari?