Hancin Tonton Lawali

Duk wanda ya taɓa gaida Tonton Lawali ya san ba da baki yake fara amsawa ba. Kana cewa ina kwana, zai lumshe ido, ya ɗan turo kai gaba, ya ja iska, sannan ya gaya maka daga inda kake. "Ka bi ta kasuwar kifi." "Ke kuma kin ƙona albasa, kin fesa turare a kai don kada a sani." Sai bayan nan zai ce lafiya lau. Ranar da muka tare a unguwar Abu Hail, nan ƙasar Larabawa, ƙofarmu na kallon tasa, na durƙusa na gaishe shi da 'yata Ummi goye a bayana, ya ja hancin nan ya ce, "Akwai daddawa a akwatinki, 'yata. Kuma ta tsohuwa ce, ba ta kasuwa ba." Ta kakata ce kuwa, na naɗe ta leda kan leda tun daga Kano.

An ce a zaurenmu na mata kowa ta rubuta abin da ta tuna da shi. Ban yi nisa a boko ba, ku yi haƙuri da rubutun. Kuma na san abin da wasunku ke jira, maganar kwalabe. Ba zan ɓoye ba, tunda shi ma bai taɓa ɓoyewa ba.

Ran da na fara kai masa tuwo na hango kabad mai gilashi a ƙuryar ɗaki, kwalabe jere, ruwan ciki wani kamar zuma, wani kamar man gyaɗa. Na ce, "Tonton, ashe turare kake sayarwa?"

Ya ce, "Wiski ne."

Saura ƙiris kwanon ya suɓuce mini. Ya karɓa, ya shinshina miyar, ya ce na cika kanwa, sannan ya yi mini bayani kamar na tambaya. Shi mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana kula da sito a wani otal, can ya koyi abin. Da ƙuruciya ya sha, ya ce, ba ƙarya. Shekarar da ya binne matarsa ya bari, bai ƙara kai ko ɗigo bakinsa ba. "Amma da baki muka yi alkawarin," in ji shi. "Hanci ba ya wurin." Sai dai ya zuba ɗan kaɗan a wani kofi mai tsukakken baki, ya zauna yana shaƙa. Na san malamai suna da magana a kan haka, ni ma ban taɓa ce masa ya yi daidai ba. Abin da na gani da idona kawai nake faɗa.

Ni a lokacin ma ba kwalabensa ne babbar damuwata ba. Ummi ta wuce shekara uku ba ta taɓa furta kalma ba. Ko Mama. Likita ya duba ya ce kunnenta lafiya, a riƙa yi mata hira. Hira kuwa na yi har bakina ya bushe, sai dai ta kalle ni da manyan idanun nan. Hajiya, mahaifiyar Baban Ummi, wadda aka sa wa yarinyar sunanta, ta yanke hukunci daga Kano: zaman ɗaki ɗaya ba yara ne ya kulle mata baki, in har Babbar Sallah ta zo ba ta yi magana ba, a kawo mata ita ta riƙe. Baban Ummi bai iya musu da Hajiya ba. Ni kuwa da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Sai ga maƙwabci da kabad ɗin giya. Na ce wa Ummi ko bakin ƙofar nan kada ta taka, ta kalle ni, ban san ko ta ji ba.

Kun san rowar Tonton a kan kansa. Takalmi ɗaya na san shi da shi, ɗinki ya fi fata yawa. Bai yarda da tasi ba, daga Abu Hail har Deira yana iya takawa, wai mota tana hana mutum jin ƙamshin gari. Wata rana a tsakiyar zafin nan da ko kyanwa ba ta fita, Baban Ummi ya leƙa ya tarar da shi kwance a falo da 'yar fanka tana kuka, gumi ya jiƙa singileti. Ya ce, "Tonton, esi ya lalace ne? In kira mai gyara?"

"Yana aiki."

"To ina sanyin?"

Ya nuna ƙurya da haɓa. Ashe ɗakin kwalabe ne ke shan sanyi, an ja labule, an toshe ƙasan ƙofa da tawul.

Baban Ummi ya ce, "Haba Tonton. Kai a wuta, kwalba a sanyi?"

Ya ce, "Ni a Damagaram aka haife ni. Su baƙi ne, daga Sikotilan suka zo. Ba a wulaƙanta baƙo."

Kuma ba kowane baƙo yake sauka ba. Wani yaro mai kawo kaya ya taɓa kawo masa tsaraba, babbar kwalba mai kwali na zinariya, irin wadda ake jerawa a filin jirgi. Tonton ya yi godiya, ya juya ta, ya mayar masa. Na ce, "Tonton, ai duk abin ɗaya ne, meye na zaɓe?" Ya kalle ni kamar na zagi kakarsa.

"'Yata, daddawar kanti da ta kakarki ɗaya ne?"

Na ce a'a.

"Bon. Wannan ta kanti ce, an gauraya ta nan da ta can don kullum ta fito iri ɗaya. Nawa kuwa sha'ir ne zalla, dahuwar gida ɗaya. Akwai wasu mutane, su ba sa dafawa, sai dai su bi gidajen dahuwa suna shinshina ganguna. In sun ji wadda ta fita daban, su saya, su ajiye ta shekara da shekaru, sannan su ɗura a kwalabe da sunansu. Ganga ɗaya tak. In ta ƙare ta ƙare, ko mai ita ba zai iya sake irinta ba." Ya ɗaga yatsa. "Kuma ba a yi wa ganga gaggawa. Ita ke cewa ta isa."

Wannan maganar ta ƙarshe kun sha jin ta. In shinkafa ba ta nuna ba, ba a yi wa ganga gaggawa. In biza ta yi jinkiri, ba a yi wa ganga gaggawa. Har wani ango da ya matsu an taɓa gaya wa ita a gaban surukansa.

Sai kuma Mista Tomas, tsohon abokin aikinsa ɗan Indiya, Kirista, mai zuwa ran Asabar da yamma. Tonton yana cewa, "Ni ne hanci, shi ne baki." Tonton ya shaƙa ya faɗi abin da ke ciki, Mista Tomas ya kurɓa ya ce ba haka ba ne. Ta bango nake jin su, Turanci da Larabci da Faransanci duk a tukunya ɗaya. Wata rana faɗan ya yi tsanani har Mista Tomas ya fito yana gyara tabarau, ya shiga lifta ba sallama. Na ce, "Tonton, lafiya?"

"Na ce igiyar jirgin ruwa ce da ɓawon lemo. Ya ce asibiti."

"To wa ya yi gaskiya?"

"Ni mana. Shekara nawa ina gaya masa, bakin nan nasa sai an kai shi gyara. Amma ina zan samo wani a shekaruna?"

Asabar ta gaba sai ga shi ya dawo da samosa.

Wata safiya ina shanya, na juya babu Ummi. Ƙofarmu a buɗe, ta Tonton a buɗe. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin mutumin ba ɗankwali ba. Na tarar da su zaune a ƙasa a falo, ya jera wasu ƙananan gwangwanaye masu murfi. Ya buɗe ɗaya ya kai mata hanci ya ce, "Kanumfari." Ya rufe. Ya buɗe wani. "Citta." Ummi ta lumshe ido irin nasa sak, ta ja iska.

Na ce, "Tonton, kada ka ba ta abin nan."

Ya ce, "Kabad a kulle yake, ga makulli a wuyana. Waɗannan da su nake wasa hancina kowace safiya. Ita ta zo da kanta." Ya dube ni. "Kin cika ta da magana, 'yata. Kunnenta ya gaji. Bari mu bi ta wata ƙofar."

Muka yi sharaɗi. A bakin ƙofa za a zauna, kan tabarma, inda zan riƙa hangen su daga kicin. Ƙurya kuwa ko kallo. Ya yarda. Daga nan kicin ɗina bai ƙara zama lafiya ba: ya aiko a ba shi masoro, ya aiko a ba shi kimba, har daddawar kakata sai da ya gutsura. Ya samo zuma, garin kofi, yankan tuffa, ɗan gawayi da aka kashe da ruwa, da guntun igiya da ya roƙa wurin masu kwalekwalen abra. Kullum ya buɗe, ya faɗi suna sau ɗaya, ya rufe da sauri yana cewa, "A rufe, kada ya gudu." Ummi ta shaƙa, ta yi shiru. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, Hajiya ta fara tambayar wa zai taho da ita. Na fito na ce, "Tonton, an fara maganar tikiti. Har yanzu ko a." Kun san amsar da ya ba ni. Ranar kam na shige ɗaki na yi kuka, na ce ni 'yata ba ganga ba ce.

Wata Juma'a bayan masallaci Tonton yana falonmu yana cin tuwo, ni ina riƙe da waya, Hajiya na kan kiran bidiyo tana lissafa kayan da za a haɗa wa yarinya. Sai ga Baban Ummi ya shigo a makare, wai kwantena ce ta tsare shi a ofis. Ya durƙusa ya gaida Hajiya ta waya. Ummi ta taso ta rungume shi, ta cusa hanci a rigarsa. Ta lumshe ido. Ta ja iska.

Ta ce, "Hayaƙi."

Hajiya ta ce, "Wa ya yi magana?" Na juya mata wayar wajen Ummi.

Ummi ta sake shaƙa, ta ce, "Tuffa."

Tonton ya ajiye loma, ya jawo hannun rigar Baban Ummi ya kai hanci, ya gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibinsa ya ci jarrabawa. "Daidai. Shisha mai tuffa. Gawayin ma mai kyau ne."

Hajiya ta yi kabbara, ta yi hamdala, ta fashe da kuka, ta sa Ummi ta maimaita, ta ce a bar yarinya wurin uwarta tunda baki ya buɗe. Sannan ta share ido da mayafi ta ce, "Ke, miƙa masa wayar. Kwantena ko, Nasiru?"

Baban Ummi ya ba ni izinin rubuta wannan, ya ce ai duk Deira ta riga ta ji. Ya kuma daina, don ba a iya ɓoye komai a gidan da Ummi take.

Da ciwo ya kama Tonton bara, hancin ne ya fara tafiya. Bai gaya wa kowa ba. Ni na lura, ranar da na gaishe shi ya ce lafiya lau kai tsaye. A makon ya kira Mista Tomas ya kwashe kwalaben duka, bayan ya sa shi rantsuwa cewa ba zai raba su da esi da labule ba. Ya koma ƙurya da katifarsa, ya ce yanzu shi ne baƙon. Da yamma Ummi takan zauna gefensa, ya ce, "Hancina, me ake dafawa a ƙasa?" Ta je bakin taga ta dawo ta ce, "Kifi. Ya ƙone." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Bayan an kai shi makwancinsa, da ake raba 'yan kayansa, Ummi ta ɗauki hularsa, tsohuwar nan da bakinta ya cinye. Kullum sai ta shaƙa ta ce, "Kanumfari. Sabulu. Tonton." Shekaranjiya ta daɗe da hanci a ciki, sannan ta zo kicin ta ja zanena.

"Mama, ba ni gwangwani mai murfi."

Na ce, "Me za ki yi da shi?"

Ta ce, "Saura kaɗan. A rufe, kada ya gudu."

Na juye sukari na ba ta. Yana nan kan kabad ɗinmu.

Ya Allah, Kai ka san abin da ya bari dominka da abin da ya kasa bari. Ka yafe masa, Ka sanyaya masa makwanci fiye da yadda ya sanyaya wa baƙinsa. Bawanka ne mai son ƙamshi, Ka shaƙar da shi na Aljanna tun daga nesa. Amin.