Mutumin da Ya Shuka Ciyawa

Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ina tsugune ina tatsa, maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga ya ce Baba Yahaya mai shanu na Nasarawa ya rasu. Na ajiye ƙwaryar ban ƙarasa tatsar ba. Baba, tun daga ranar gabana yake faɗuwa, kuma ba rashinka kaɗai ne ya sa ba.

Ina tuna shekarar da ka share fadamarka ta bakin kogi, ka ƙi shuka masara, ka dasa doguwar ciyawar nan mai kama da rake. Mun sha dariya. Wa ya taɓa noman ciyawa, abin da ake biyan mutane su nome? Kai dai ka ci gaba da dashenka. Da rani ya yi tsanani, shanunmu suka rame, hantsarsu ta bushe, suna bin bola suna cin leda. Naka kuwa suna ɗaure a inuwa, ana ta tatsa.

Sai ka kira mu, mu masu saniya biyu uku a lungunan Nasarawa da Unguwar Mu'azu, waɗanda ba mu da ko taku ɗaya na gona. Ka ce, “Ku kawo mini taki, ku yanki ciyawa.” Sharaɗin ke nan, ba ka taɓa ƙara masa komai ba. Kowa ya turo baron kashin shanunsa, ya koma da dami.

A kan wannan ciyawar komai namu ya tsaya. Naomi mai yogot, wadda a da take guje mana saboda madararmu kan yanke da rani, ta dawo tana jiranmu kullum da safe. Ta sayi firji na biyu. Dije, da mijinta ya mutu ya bar mata karsana ɗaya tilo, yau garke ne da ita. Kai ka hana ta sayar da karsanar lokacin da dillalai suka yi mata caa. Ka ce mata, “Ƙanwata, ciyar da ita, ita za ta ciyar da ke.”

To, Baba, ga abin da ke hana ni sukuni. Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarma a ƙofar gidanka, wasu mutane suka sauko daga mota, suka yi gaisuwa a tsaitsaye, suka ja babban ɗanka Hamza gefe. Ban ji abin da suka ce ba, amma na san dillalan filaye in na gan su. Jiya na je yankan ciyawa, na tarar an kafa duwatsun siminti a kusurwoyin fadamar, an shafa musu jan fenti. Na yanka rabin dami na dawo, kamar mai sata.

Ban zargi Hamza ba. Gado hakkinsu ne, shi da ƙannensa, fuloti kuma ya yi tsada a bakin kogi. Ina dai roƙonsa, don darajar mahaifinsa, kafin ya sa hannu ya zo da safe ya ga mutum nawa ke turo baro zuwa wurin nan.

Allah Ya jiƙanka, Baba Yahaya, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciyarwar da ka yi wa dabbobi da masu su ta tsaya maka ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Maimuna da Hamza da sauran iyali. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba mu mafita.

Ruwa ya ɗauke, Baba. Ciyawar bakin hanya ta fara bushewa, kuma saniyar Dije na gab da haihuwa.