Giwar Laraba

Duk wanda ya sauko daga haikalin Buda na garinmu Pyay da yunwa, a rumfar Daw Pyone yake zubewa. Taliya take sayarwa da romon kifi. Ni ce mai furanni a gefenta, kuma na shaida romon ya fi bakinta daɗi nesa ba kusa ba.

Mijinta U Lun keken haya yake tuƙawa, in ya ga dama. Da tari ya kama shi a daminar bara, sai faɗanta ya ragu, abin da ya tayar wa kasuwa hankali ke nan.

A saman haikalin kowace rana da gunkinta, kowa yana zuba ruwa a na ranar haihuwarsa. Laraba kuwa biyu ce: haihuwar safe giwa mai haure, ta bayan tsakar rana marar haure. Tun aurensu Daw Pyone take yi wa mai hauren wanka don nema wa U Lun albarka, shi haihuwar Laraba ne. Da tarin ya zo, kullum sai ta hau.

Ana haka yayarsa Daw Sein Mya ta zo ziyara daga ƙauye. Ta shanye kwano biyu, ta taya lema har mai lemar ya kusa kuka, ta sayi tsamiya, sannan suka hau tare, ni ina biye da furanni.

Daw Pyone na ɗaga kofin ruwa a kan mai hauren, yayar ta ce, "Ke, wa kike wa wanka a nan?"

"Ƙaninki mana, Yaya."

"Lun? Ai sai da muka ci abincin rana, muka wanke kwanoni, sannan ya iso duniya. Tun a ciki ba ya sammako!"

Na yi dariya, sai na ga fuskar Daw Pyone, na haɗiye sauran. Tausayinta ya kama ni. A zuciyarta ta gama yanke hukunci cewa ruwanta ne bai taɓa isa gare shi ba.

Ta same shi a ƙasa yana gyangyaɗi a kan keke. "Tsohon banza! Ba ka san lokacin haihuwarka ba?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni ina yi wa giwar wasu hidima?"

Ya yi tari, ya sosa ƙeya. "Mai hauren tana bakin matakala, a inuwa. Waccan kuwa tana can baya, sai kin taka dutse mai zafi ba takalmi. Ga faso a ƙafarki."

Daw Pyone ta juya ga tukunyarta. Ta zuba masa romo, ta dangwarar da kwanon a gabansa, ta ce in kula mata da tukunya. Rana na tsaka, ta tuɓe takalmi ta hau.