Jirgin da Ba Mu Jira Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai zama kamar ina zargin wani. Ba na zargin kowa. Tambaya ce kawai take hana ni sukuni.

Innarmu ta rasu a Dakoro da hantsi, cikin tsakiyar bazara. Tun tana da lafiya takan ce autanta ne zai sa ta a kabari. Ba sau ɗaya ba ta faɗa a gabana, har ina yi mata wasa cewa ni fa na riga shi zuwa duniya. Autan kuwa yana Diffa, yana tuƙa wa ma'aikatan agaji mota.

Na kira shi a salula na gaya masa. Ya kashe, can ya sake kira yana haki.

"Yaya, akwai ƙaramin jirgi da zai tashi zuwa Maraɗi yanzu. Shugabana ya ce akwai kujera ɗaya. Ku jira ni, don Allah."

"Awa nawa yake yi?"

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Ni kai su filin jirgi kawai nake yi in dawo."

Na fita zaure na gaya wa Kawu, ƙanen Inna, wanda maganar jana'iza take hannunsa. Kawu dillalin shanu ne, ya san hanya, amma a bayan babbar mota ya san ta. Ya ce ya taɓa zuwa Diffa, sai da suka kwana a hanya. "Jirgi ko aljani ne, ai raba tafiyar biyu zai yi. Ga kuma Maraɗi zuwa nan. Ka ji zafin nan? Mu bar 'yar'uwata kwance har gobe?"

Liman ya dube ni. Maƙwabta suka dube ni, wai ni ne na yi lakwal. Ban san amsa ba. Kawu ya karɓi salula ya ce, "Auta, yi haƙuri, kada ka wahal da kanka. Ka yi mata addu'a daga nan." Kujerar aka ba wani.

Bayan la'asar muka kai ta. Ni na shiga kabarin.

Auta ya iso a mota ranar sadakar uku. Ya gaida kowa, ya ce in raka shi maƙabarta. Ya daɗe a tsugune. Har yau bai tada maganar ba, ni ma ba na iya tambayarsa. Kawu kuma ya rasu.

Wani lokaci nakan ce Kawu ya yi daidai, in ji sanyi. Sai kuma in ga jirgi ya gifta sama, kafin in ɗaga kai sosai ya ɓace, gabana ya faɗi.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa hawa jirgi daga Diffa zuwa Maraɗi: yaya nisan yake ta sama? Yana sauka a Damagaram ko wucewa yake? Wanda ya tashi da hantsi, ya sami mota a Maraɗi, zai riski la'asar a Dakoro? Ku faɗa mini yadda abin yake. Kada ku ƙara ko minti ɗaya don tausayina.